Abin da Likita Ya Ce, da Abin da Na Gaya wa Baba

Yau kwana hamsin da uku da rasuwar Baba, kuma har yanzu ban yi kukan da ake jira in yi ba. Matan unguwa sun zo sun zauna, sun ƙare mini kallo, sun fita suna cewa Rakiya akwai tawakkali. Wallahi ba tawakkali ba ne. Jikina ne ya yi kamar an yi masa allurar kashe zafi. Ina sane da duk abin da ake yi, amma ba ya isowa ciki. Ina zuwa makaranta in koyar, in dawo in ɗora tukunya, in yi sallah, in kwanta. Tunda hawayen sun ƙi zuwa, na ce bari in rubuta yadda jinyar ta kasance, ko Allah zai sa wani ya karanta kafin ya shiga ɗakin likita da nasa mara lafiyar.

Babana Malam Isa ɗan kasuwar hatsi ne a nan Kontagora. Shekara arba'in yana bin Salka da Kaboji da ƙauyukan gefensu yana sayen dawa da masara da wake ya kawo gari. Bai taɓa yarda da sikeli ba. Sai ya kama kunnen buhu ya ɗaga shi daga ƙasa, ya dire, ya gaya maka mudu nawa ya rage a cika, in aka auna kuma a tarar haka ne. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Uwata yake ce mini. A cikin 'ya'yansa ni kaɗai na yi boko mai nisa, kuma bokon nan ne ya sa ni a tsakiyar abin da zan faɗa.

Ciwon ya girmi saninmu da shi da shekara huɗu. Wata ranar kasuwar Salka yana tsaye ana lodi, sai ya ji kamar an sa hannu an yage wani abu a bayansa, tsakanin kafaɗu. Ya zauna kan buhu yana haɗa gumi. Aka kai shi kemis, mai kemis ya ce olsa ce, ya auna jini ya ce ya hau, ya ba shi magani. Baba ya sha har kwalin ya ƙare, bai sake saye ba. Bayan kwanaki zafin ya lafa, ya bar wani ɗan ciwon baya da ba ya tafiya. Inna, mahaifiyata, ta yi ta shafa masa man zafi. Wanzami ya zo ya yi ƙaho sau biyu. Kowa ya ce ai ciwon masu ɗaukar kaya ne, muka bar shi a haka.

Bara da farkon damina muryarsa ta dishe. Aka ce sanyi ne. Citta, kanumfari, zuma, lemon tsami, ba abin da bai sha ba. Da aka yi sati uku, ga tari, ga tuwo ya fara tsaya masa a ƙirji, sai na matsa aka je asibiti.

Satin farko a layi ya ƙare. Mu fita bayan asuba mu karɓi kati, mu zauna kan benci har azahar. Likitan da ya gan mu matashi ne, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Ya auna jinin Baba a hannu biyu, ya sa aka ɗauki hoton ƙirji, ya daɗe yana ɗaga hoton a taga. Ya ce akwai wata inuwa da ba ta yi masa ba, mu je Minna a yi babban hoto, wanda ake tura mutum cikin na'ura. Sati na biyu muna Minna. Can ma wanda ya duba hoton bai tsaya dogon bayani ba, ya rubuta takarda ya ce Abuja, kuma kada mu bari satin ya fita.

Mu uku muka tafi: ni, da Baba, da yayansa Baffa Mamman. Baffa shi ne babba a gidanmu. Ba a ɗaura aure, ba a raɗa suna, ba a sayar da ko akuya sai da saninsa. Mutumin kirki ne, kuma yana son ƙanensa son da ban taɓa gani ba tsakanin maza biyu masu furfura. Ina so a riƙe wannan, don ba na rubuta wannan ne in tona masa asiri ba.

Likitan Abuja ɗan kudu ne, gajere, mai magana a hankali. Hausarsa ba ta wuce "sannu Baba" ba. Ranar farko an tafi da Baba ɗibar jini, sai ya zaunar da ni da Baffa, ya jawo takarda ya yi zane. Ya ce babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta gangara ta baya, sunanta awota. Sunan ya zauna mini a kai har yau. Ya ce bangonta hawa-hawa ne, kuma tun ranar nan ta Salka hawan ciki ya tsage, jini ya samu hanya ta biyu yana bi ta tsakani. Shekara huɗu yana turawa, wurin yana kumbura kamar tsohon tiyon ban-ruwa, har ya danne jijiyar murya. In ya fashe, ya ce, ba a kaiwa ko'ina.

Ya ce ba sai an buɗe ƙirji ba. Za a yanka kaɗan a matsematsin cinya, a tura wani bututun raga ta cikin jijiya har wurin, a buɗe shi ya rufe tsagar. Amma akwai haɗari. Ƙafafu na iya mutuwa, ƙoda na iya tsayawa. Sannan ya ajiye biro ya dube ni, ya faɗi maganar da na so a ce ban ji Turanci ba. Ya ce aikin ba ya cire ciwon, toshe shi yake yi a samu lokaci. Sauran tsagar tana nan a ƙasa. Sharaɗi uku ne: maganin hawan jini kullum har ƙarshen rai, ba ɗaga abin da ya fi bokitin ruwa, sannan hoto bayan wata ɗaya, bayan wata shida, da kowace shekara.

Na juya wa Baffa duka, ban rage komai ba. Ya saurara yana jan carbi. Da muka fito baranda sai ya tsaya ya tare ni.

"Rakiya, wannan maganar ta tsaya tsakanina da ke."

"Baffa, shi fa?"

"Shi ne ma ba zai ji ba. Kada ki kuskura. Gwaggonki Asabe lafiyarta lau take yawo da ciwonta, ranar da wani marar hankali ya gaya mata ciwon daji ne ta kwanta, ba ta sake tashi ba. A gidanmu ba a gaya wa mara lafiya irin wannan. Mu ne za mu ɗauke masa."

Zan iya cewa tsoron Baffa ne ya rufe mini baki. Da na yi ƙarya. Gaskiyar ita ce da ya faɗi haka sai na ji sanyi a raina, don ni ma ban san ta inda zan fara ba. Ta yaya zan dubi mutumin da ke ce mini Uwata in ce masa akwai abin da zai iya fashewa a bayansa yana cikin alwala? Na ce to, Baffa.

Da aka dawo da Baba, likita ya jawo kujera gabansa ya sake bayanin daga farko, yana kallon idonsa, yana nuna zanen. Ya gama ya jira ni.

"Baba, ya ce wata jijiya ce ta ɗan kumbura. Za a sa mata ɗan bututu ta cinya, shi ke nan."

"Ba yanka ƙirji?"

"Babu."

"To Alhamdulillahi. Ki ce masa na gode."

Likita ya tambaye ni ko ya gane haɗarin. Na ce ya gane. Aka kawo takardar amincewa, Baba ya gyara zama ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, yana cije leɓe yadda yake yi in yana rubuta wa direba adireshi.

Daga sati na uku zuwa na tara jira muka yi. Bututun ba a ajiye yake ba, sai an auna jijiyar mutum an aiko da daidai ita daga waje. Kuɗin da aka rubuta mana, sai da na sa yatsa a kan takardar na bi shi sau biyu. Gonar Kaboji ta tafi. Shanun Baba da ke hannun amininsa Ardo a Bobi suka tafi, aka bar saniya ɗaya da ɗan maraƙinta. Baba ya ce, "Yaya, wane irin ƙaramin aiki ne ake sayar masa da gona?" Baffa ya ce, "Abuja ce fa. Can ko inuwa ka tsaya sai ka biya." Suka yi dariya, ni ma na taya su.

Ba zan manta da mutanen Salka ba. Manoman da Baba ya shekara arba'in yana sayen hatsinsu, Musulminsu da Kiristansu, suka haɗa abin da suka haɗa suka aiko a ƙulle cikin leda. Wata tsohuwa, Mama Saratu, ta hau mota da kanta ta kawo kaji biyu, ta ce da Hausarta irin ta 'yan ƙabilar Kambari Malam bai taɓa danne mata mudu ba, a coci ma sun sa shi a addu'a. 'Yan kasuwar hatsi suka yi karo-karo. Allah ya biya kowa. Amma masu shawara, kai! Wannan ya ce a kai shi Masar, wancan ya ce akwai mai saiwa a bayan Bobi, wani ya ce sammu ne na abokan kasuwa. Wata ƙanwar Inna ta zo tun daga Rijau don kawai ta gaya mana wani maƙwabcinsu an yi masa aiki a Abuja gawarsa aka dawo da ita. Ta ci tuwo malmala biyu, ta karɓi kuɗin mota, ta tafi.

Aikin kansa bai kai yadda na zata ba. An shiga da shi da hantsi, kafin la'asar an fito. Kwana biyu yana ɗakin da ba a barin kowa ya daɗe. Kowace awa sai nas ta zo ta ce ya motsa yatsun ƙafa. Ya ce mini, "Uwata, me ya haɗa baya da ɗan yatsa?" Na ce haka suke yi wa kowa. Ina tsaye ina kallon yatsun suna motsi, shi kuwa yana mitar ba a sa wa kunun asibiti tsamiya.

Ranar da aka cire bandeji ina bayan labule na ji yana ce wa Baffa, "Yaya, dubi abin da aka sayar wa gona. Wallahi kaciya ta fi wannan." Yankan bai kai tsawon yatsa ba. Kwana shida aka sallame mu.

A gida 'yan dubiya suka yi ta zuwa. A wurinmu girman ciwo a ɗinki ake ganinsa. In an yi wa mutum aiki sai ya ɗaga riga a ga layin zare daga ƙirji zuwa cibiya, a yi salati. Baba ba shi da abin nunawa. Sai ya yi dariya ya ce ai wurin ba ya nunuwa, abin ma bai taka kara ya karya ba. Masu zuwa da fuskar jaje suka riƙa fita da fuskar barka. Ciwon baya ya tafi, tuwo na wucewa, murya ta ɗan dawo. Kowa ya ce Malam ya warke, shi ma ya yarda, kuma ba shi da dalilin da zai ƙi yarda.

Hoton wata ɗaya mun je. Na ce wa Baba ɗinki za a duba. Likita ya ce bututun ya zauna daidai, amma har yanzu jini na ɗan komawa tsohuwar hanyar ta ƙasa. Sau da yawa yakan tsaya da kansa, in an riƙe hawan jini sosai. Ya nanata sosai ɗin. Na ce wa Baba ya ce komai lafiya, a ci gaba da magani.

Sai kaka ta zo.

Duk wanda ya san ɗan hatsi ya san ba a riƙe shi a gida da kaka. Baba ya fara da zuwa shagonsa ya zauna. Daga nan ya fara bin mota Salka. Maganin kuma ya ce yana sa shi jiri da yawan fitsari, kuma mai lafiya me zai yi da ƙwaya? Na yi magiya, ya sha kwana biyu ya bari. Inna ta gwada daka masa a kunu, ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin, ya ce shi ba yaro ba ne. Ita ma Inna ba ta san komai ba, abin da na gaya wa Baba shi na gaya mata.

Wata Asabar na biya shago na tarar ana sauke masara. Ina isowa na gan shi ya sunkuya ya kama kunnen buhu.

"Baba!"

Yadda na ƙwala kiran, har masu dako suka tsaya. Ya riga ya ɗaga. Ya dire, ya juyo yana haki.

"Lafiya, Uwata? A gaban mutane?"

"Baba, an hana ka ɗaga kaya."

"Saboda me? Ɗinkin ya warke tun yaushe."

Ga tambaya an yi mini, a fili, da rana tsaka. Na buɗe baki. Baffa yana zaune kan benci a bakin shagon da carbinsa. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Likita ne ya hana," na ce.

"Likita yana Abuja, ni ina Kontagora. Wannan buhun saura mudu biyu." Ya juya wurin mai masarar.

Da yamma na sami Baffa na ce mu gaya masa. Ya ce, "Kin ga yadda yake cin tuwo yana tsokanar mutane? So kike ki kwantar da shi da bakinki? Ki bar shi ya ci sauran kwanansa da daɗi, kwana na Allah ne." Na tashi na tafi. Kuma kada wani ya ce ban samu dama ba. Kullum kafin in wuce makaranta sai na biya na gaishe shi. Yana zaure shi kaɗai yana shan koko, ba Baffa, ba kowa. In durƙusa in ce ina kwana, ya ce Uwata an tashi lafiya, in ce lafiya lau, in miƙe in tafi. Haka na yi wata da watanni.

Hoton wata shida ya ƙi zuwa. Ya ce ba zai sake bin hanyar nan ta karya masa ƙugu don a duba abin da ya warke ba. A wata na tara murya ta sake dishewa, ciwon baya ya dawo, wannan karon har yana hana shi jingina. Shi da kansa ya ce mu koma. Baffa gwiwa ta hana shi tafiya, sai muka tafi mu biyu.

Muna jiran layi wata mata mai goge ƙasa ta zo wucewa da bokitinta, ta ji muna Hausa, ta tsaya ta gaida Baba. 'Yar Zuru ce, ta daɗe tana aiki a wurin. Suka ɗan taɓa hira, ya tambaye ta ko ana samun dawa mai kyau a Abuja, ta ce ina fa.

Da aka kira mu likita yana kallon sabon hoton, bai ce sannu Baba ba. Ya tambaye ni ko yana shan magani. Ya tambaye ni ko yana ɗaga kaya. Na sunkuyar da kai. Ya cire tabarau ya murje ido. Sannan ya juya wurin Baba ya yi magana mai tsawo. Kumburin ya ƙaru a ƙasa da bututun, ya wuce na farko. Akwai aiki na biyu, ya fi na farko girma da tsada, haɗarin ƙafafu da ƙoda ya ninka, kuma ba ya iya yin alkawari. In ba a yi ba, ba zai iya cewa wata nawa ba. Ya yi zane, ya nuna, ya tsaya ya sha ruwa, ya ci gaba. Ya gama ya jira ni.

"Baba, ya ce za a ƙara maka magani."

Baba ya dube ni. Ya dubi likita, ya dubi zanen, ya sake dubana.

"Mutumin nan ya yi magana har ya sha ruwa," ya ce da dishasshiyar muryarsa. "Ke kin ba ni kalma biyar. Shekara arba'in ina awo. In an bubbuge gindin mudu, daga riƙo nake ganewa."

Ya miƙe, ya buɗe ƙofa, ya leƙa baranda. Na ji yana cewa, "Baiwar Allah, kina jin Turanci? Zo ki taimake ni." Matar ta jingina sandar gugarta ta shigo tana goge hannu a riga. Likita ya dube ta, ya dube ni, na ga ya gane komai. Ya nuna mata kujerar da nake kai.

Baba ya ce, "Malama, ɗan ba mu wuri."

Ban san da ni yake ba sai da ya maimaita.

Na fita na zauna kan benci. Ban yi kuka ba, ban yi addu'a ba. Bokitinta yana bakin ƙofa. Inda ta goge yana bushewa daga gefe zuwa tsakiya, na zauna ina kallo har ya bushe duka. Wani ya zo ya tambaye ni ina ne wurin biyan kuɗi, na nuna masa. Sun fi rabin awa. Da ta fito idonta ja, ta ɗauki bokitin ta ce, "Sannu, 'yar'uwa," ta wuce. Baba ya fito bayanta da zanen likita a ninke, ya sa a aljihun gaba, ya ce mu tafi.

Muka hau motar gida. Sai da muka wuce Tegina, mota ta rage mutane, ya ce ba tare da ya juyo ba:

"Ranar da na sa hannu, kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Har da maganar ƙafafu?"

"Har da ita."

Ya gyaɗa kai. Muka wuce gonakin da aka fara sharewa.

"Da kin gaya mini ma da na sa hannun," ya ce. "Amma da ni ne na sa. Buhun nan kuwa da ban ɗaga ba. Ni ba mahaukaci ba ne."

Ban ba shi haƙuri ba. Kalmar ta yi mini ƙanƙanta. Da muka kusa gari ya ƙara magana ɗaya. Ya ce aiki na biyu ba zai yi ba, ya riga ya gaya wa likita, ba zai sayar da gidan da Inna ke ciki ba. Sannan ya ce, "Kada Yaya ya ji cewa na sani. Shi ma jininsa hawa yake. Hankalinsa zai tashi."

Sati biyar ya yi bayan nan. Maganinsa da kansa yake sha, kan lokaci, ya ajiye kwalin kusa da buta. Ya sa aka kai masa kujera shago, yana zaune yana nuna buhu da sanda. Ya gaya wa Inna da bakinsa, ban san yadda suka yi ba, na dai ga ta daina zuwa biki. Ya je Salka ya bi gida-gida ya yi sallama da mutanensa, ya nemi gafara, su suna zaton godiyar gudummawa ya zo. Ya je Bobi ya ga saniyarsa. In Baffa ya zo sai ya gyara zama ya yi ta ba shi dariya, ya ce Yaya ai sauƙi sai ƙaruwa yake. Ni kuwa kullum ina zuwa gaisuwa, yana amsawa, yana sa mini albarka. Bai sake ce mini Malama ba. Uwata ma bai sake ba.

Ranar Talata ce da hantsi. Ina aji ina rubutu a allo aka aiko. Inna ta ce ya gama karyawa, ya ce mata bayansa, ya kwanta kan tabarma ya yi shahada. Kafin a samo mota an gama. Na ajiye alli, na ce wa yara su kwafe abin da ke allo, na tafi.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. Ciwon da ya zo farat ɗaya kamar an yage baya ko ƙirji, kada a tsaya a kemis. Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi. Muryar da ta dishe sati uku ba sanyi ba ce kawai. Ƙanƙantar ɗinki ba ta nufin ƙanƙantar ciwo. In kuma kai ne mai jin Turanci a gidanku, kuma ka san zuciyarka ba za ta iya ba, ka faɗa tun farko a nemo wani wanda ba jininku ba ya tsaya tsakani. Ba abin kunya ba ne. Mai ciwo shi ke ɗauke da jikinsa zuwa kasuwa, ba kai ba. Likitan nan ya yi aikinsa, mutanen Salka sun yi nasu, matar Zuru da ban ko tambayi sunanta ba ta yi nata.

Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun watse, Baffa ya sa aka kira ni zaure. Ya rame, carbin ma a ƙasa yake bai ɗauka ba. Na kawo masa fura ya sha kaɗan. Ya daɗe yana kallon inda Baba ke zama.

"Rakiya, Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Kin riƙe amana. Ko ba komai mun yi masa gata. Ya tafi hankalinsa kwance, bai san abin da ke jikinsa ba."

Hawaye na bin gemunsa. Yana jira in amsa.

Na ce, "Haka ne, Baffa."

Na ɗauki kwanon furar na kai ciki.